Leƙe ta Hujin Zana

An yi wani Sarkin Kasuwa da ya bushi iska ya ce sai ya auna gaskiyar 'yan kasuwarsa. Ya sa aka kafa zana, ya rantse babu mai leƙawa. Ya ce kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa wuri guda, irin na kuɗin da, ya fito ya faɗi yadda ya kwanta. Wanda nasa ya faɗi rigingine ya samu rumfar inuwa, wanda nasa ya kife ya zauna a rana.

Ladidi mai daddawa ta fito ta ce, "Rigingine!"

Sarkin Kasuwa ya daka tsawa, "Ƙarya kike! Kawo shaida, ko ki bar kasuwar nan yau."

"Ranka ya daɗe, shaida a inda babu kowa? Kai ya aka yi ka sani?"

"Ta hujin zana na gani, kifewa ya yi!"

"Af, ashe an leƙa! In ka gani, rantsuwarka ƙarya ce. In ba ka gani ba, yanzu ka shara ƙarya. To, wa zai fara naɗe tabarmarsa, ni ko kai?"

Ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya.

"Ku ba ta inuwar. Dama daddawarta ta fi wari a rana."