Mai Ƙidaya da 'Ya'yan Fari

An yi wani sarki a birnin Kwarin Gawo, sunansa Cindo, wanda a zamaninsa fara ta sauka ta cinye gero da dawa har ba ta bar wa talaka ko zangarniya ɗaya ba. Sarki ya yi niyyar buɗe rumbunansa ya raba hatsi, kowane rai mudu biyar. To, amma ba wanda ya san adadin rayukan birnin, sai ya nemi mai ƙidaya, wato mutumin da zai bi gida-gida ya san yawan jama'a, kada a tsallake kowa wajen rabo.

Duk fada an ɗauka Waziri Hambali za a ba aikin, domin shi ne gwanin hisabi, kuma shi ma ya fi kowa sanin haka. Sai sarki ya kira wani tsoho, Malam Nomau, wanda ya yi shekara talatin yana yawon wanzanci a unguwanni, ya ɗora masa aikin, har ya yafa masa alkyabba a gaban jama'a. Waziri ya yi murmushi ya ce an yi daidai, amma tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ba hatsin ne ya dame shi ba, alkyabbar ce. Kullum ya tuna yadda ta zauna a kafaɗar wanzami, sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji.

Hassada ba ta barin mutum ya zauna. Waziri ya tura magatakardansa a ɓoye, suka bi gidaje suna tambayar iyaye yawan 'ya'yansu, suka gama cikin kwana shida, suka kawo masa mutum dubu bakwai da ɗari biyu. Malam Nomau kuwa sai da ya yi kwana ashirin, sa'an nan ya kawo dubu takwas da ɗari biyar.

Waziri ya ji daɗin da bai ji ba tun ranar alkyabba. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba don ƙiyayya nake magana ba, sai don tsaron amana. Wanzamin nan ya ƙago mutum dubu da ɗari uku waɗanda Allah bai halitta ba, domin hatsinsu ya shiga gidansa. Hukuncin mai cin amanar sarki kuwa sananne ne, a kore shi daga ƙasa shi da iyalinsa."

Sarki ya dubi tsohon ya ce, "Malam Nomau, ga takarda biyu sun saɓa. In ba ka nuna mini mutanen nan ba kafin la'asar, hukuncin da Waziri ya faɗa ya hau kanka."

Malam Nomau ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. A tambayi mahaifiyar sarki 'ya'ya nawa Allah ya ba ta, kuma Waziri ne zai yi tambayar."

Aka tafi ƙofar ɗakinta, tana bayan labule. Waziri ya gaishe ta da ladabi, ya yi tambaya. Tsohuwa ta ce, "Uku ne. Da Gambo, da Talle, da Kande."

Sarki ya jira, bai ji sunansa ba. Ya ce, "Inna, ba saura?"

Sai ta ce wa jakadiyarta, "Ce musu su tashi mini daga ƙofa, ba su da kunya."

Malam Nomau ya ce, "Allah ya taimaki sarki, kai ne ɗan farinta, kuma a ƙasar nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta sa shi cikin lissafi a gaban baƙo, uba ma haka, saboda kunya. Ni na yi wa yawancinsu askin suna, na san suna nan. Saboda haka in uwa ta ce uku, sai in yi godiya in fita, in tambayi kaka ko maƙwabciya, su ne ke gaya mini na huɗun. Abin da ya sa na daɗe ke nan. Magatakardan Waziri ba su yi ƙarya ba, sun rubuta abin da aka faɗa musu ne kawai."

Sarki ya juya ga Waziri ya ce, "Hambali, a takardarka ni ba na cikin mutanen birnin nan. Wa ya naɗa ka waziri ke nan? Da na bi ta, da 'ya'yan fari dubu da ɗari uku sun kwana da yunwa, iyayensu kuma kunya ba za ta bar su su zo ƙara ba. Kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san al'adar sarai, alkyabba ce ta rufe maka ido."

Waziri ya nemi afuwa, aka yi masa, amma sarki ya umarce shi ya bi bayan Malam Nomau gida-gida, yana auna wa kowane ɗan fari mudunsa da hannunsa. Shi kuwa Malam Nomau aka ba shi gona da doki, aka tabbatar masa da aikin ƙidaya muddin ransa, aka ƙara masa alkyabba ta biyu, Waziri na kallo.

Sa'an nan sarki ya sa aka rubuta a ƙofar rumbu: mai ƙidaya shi ne wanda ya nemo wanda ba a ambata ba, kuma adalcin sarki bai cika ba sai rabonsa ya kai ga wanda ko uwarsa ba ta faɗi sunansa.