Ungozomar da Ba Ta Auna Ɗiyarta Ba

Akwai wata ungozoma a wata matanite, wato asibitin haihuwa, cikin garin Tawa, sunanta Sauda. Abin ya faro ranar Talata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, tana ɗaura takalmi za ta aiki.

Kwana uku ke nan da ɗiyarta Haula ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka mijinta ya kawo ta daga Barmu ta yi wankan jego a gidan iyaye. Haula kuwa ita ce ƴar farin Sauda. Shekara ashirin da ɗaya Sauda ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama kusa da ita gaban mutane. Kunya ce, haka ta taras ana yi. Saboda haka Habsatu, yayar Sauda, ce ke kula da mai jego.

Daga bakin ƙofa Sauda ta ce, "Yaya, yarinyar ga ta kwan lahiya?"

Habsatu ta ce, "Kanta ke sara. Jego ne. Ni da na haihi tara, wane ciwon kai ne ban gani ba? Tahi abinki, kada manjo, shugabanku, ya cinye ki."

Abin awon tansiyo, wato hawan jini, yana cikin jakar Sauda. Ta taɓa shi, ta dubi labulen ɗakin, ta ji muryar dangin mijin Haula a ciki. Ta ce a ranta sai ta dawo.

A wurin aiki su biyu ne, inda ya kamata a ce su biyar. Ranar ta auna mata talatin da huɗu. Kowacce sai ta ce mata, "In kin ji ciwon kai ko kin ga ƙahwa ta kumbura, kada ki jira." Ta dawo gida a gajiye, ta tarar an ce mai jego ta yi barci.

Ranar Laraba, Sauda tana wurin aiki, Habsatu ta aiko cewa yarinyar tana ganin hazo-hazo. Sauda ta roƙi manjo, shugaban masu jinya, ya ba ta yini ɗaya. Ya juyo mata takardar rabon aiki, ya ce, "Madam Sauda, nuna mini wadda zan sa. In kin nuna, tahi." Ba ta ga kowa ba. Ta aika wa Habsatu cewa a kawo yarinyar gobe. Habsatu ta ce mai jego ba ta fita kafin suna.

Ranar Alhamis bayan azahar aka kawo wata mata daga Afala, ta haihu a hanya, jini ya ɓalle. Sauda ta danna mata mara da hannu biyu tana jiran likita. In ta ɗaga hannu, matar ta tafi.

A nan ta ji kururuwar Habsatu a baranda: "Ku taimaka! Ɗiyar Sauda ce, jijjiga take!"

Ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Sauda ta dubi ƙofar, ta dubi matar Afala da leɓenta ya yi fari. Hawaye na zuba a kan safar hannunta, amma ba ta ɗaga ba.

Abokiyar aikinta Raƙiya ta riga ta tashi, har ta sa hijabi ta kai bakin titi. Bara da mijinta ya kwanta ciwo, Sauda ce ta riƙe mata aiki mako uku ba ta yi ƙorafi ba. Da ta ji kururuwar sai ta juyo a guje, ta leƙo ta ce, "Riƙe taki, ƙawata. Ni na riƙe tamu."

Minti arba'in Sauda tana tsaye a haka, ba ta san ko ɗiyarta na da rai ba.

Da likita ya karɓe ta, ta fita ko hannu ba ta wanke ba. Raƙiya ta yi wa Haula allura, jijjigar ta tsaya, amma ba ta farfaɗo ba. Raƙiya ta nuna mata awon, ta ce a hankali, "Tun yaushe ya hau haka?"

Sauda ta ce, "Ban auna ba."

Ta durƙusa gaban dangi duka, ta kama hannun ɗiyarta, ta ce, "Haula. Haula, ni ce."

Haula ta buɗe ido washegari. Ranar Asabar aka raɗa wa jariri suna Sadiƙu, uwarsa tana gadon likita. Kwananta tara aka sallame ta, idonta na hagu bai koma gani sosai ba. Matar Afala ta koma gida da ɗanta. Ranar Litinin Sauda ta koma aiki, su biyu.

Darasi: Kada kunya ko aiki su hana ki duba na gida yadda kike duba na waje. Ku kuma da kuke ganin ma'aikaciyar asibiti ta ɗaure fuska, ku tuna ta baro nata marar lafiyar a gida. Ku tura wannan labari ga wata ungozoma ko mai jego da kuka sani.