Igiyar Rijiyar Baba Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wani bawan Allah mai haƙar rijiya, ana ce masa Baba Jatau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Kullum jikinsa da laka.

A garin akwai 'yan daba da suka hana mutane sakat. Cikinsu akwai Haladu, matashi, ko gemu bai fara ba, amma ba ya rabo da wuƙa. Ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna ƙafarsa na rawa, in ya tashi sai rigima.

Wata rana an koro shi daga faɗa, ya faɗo gidan da Baba Jatau ke aiki, ya laɓe bayan tarin ƙasa yana haki. Tsohon ya dube shi, ya ce, "Samari, mai taya ni aiki ya gudu. Zo ka riƙe min igiya, zan sauka."

Haladu ya ce, "Baba, ka san ko ni wane ne kuwa?"

"Na sani mana. Ɗan Hajara mai ƙosai. Riƙe da hannu biyu."

Ku saurara, jama'a. Mai sauka rijiya ransa na hannun mai riƙe igiya. Shi zai zura shi, shi zai jawo ƙasar, shi zai fito da shi. Maigidan da ake wa aikin ya ja tsohon gefe, ya ce, "Baba, ka gaji da duniya ne? Wannan ko akuya ba na ba shi ajiya!" Baba Jatau ya ce, "Ai ba akuyarka na ba shi ba, kaina na ba shi."

Haladu ya riƙe igiya har tsohon ya fito lafiya. Washegari ya dawo. Ya sake dawowa. Wata rana ya zo, wata rana ya ɓace, ya dawo da sabon tabo a goshi. Tsohon ba ya tambaya, sai dai ya miƙa masa igiya, in rana ta yi su ci ɗumame a kwano ɗaya.

Ana nan, rijiya ta yi zurfi, irin zurfin da iska ke ƙaranci a ƙasa, in mutum ya daɗe sai ya shiɗe. Baba Jatau na ciki, sai ga 'yan daba sun cika ƙofar gida da gorori da adduna. Shugabansu, wanda suke kira Kunama, ya shigo.

"Kai, jakin tsoho! 'Yan ƙetaren kwari sun sari Mudi abokinka. Tashi mu je ramuwa!"

Haladu ya juyo da sauri. Mudi fa, tare suka tashi. Ya ce, "Ku jira in fito da Baba."

"Mu jira? Ɗaure igiyar a turke, ya sha iska a can. Wanda bai bi mu yanzu ba, kar ya ƙara nuna fuskarsa a cikinmu."

Haladu ya leƙa rijiya. Ya san tsohon na jin komai. Jira yake ya ji an ce masa tsaya, ko an roƙe shi, ko an zage shi. Shiru. Sai can ya ji tari, tari mai rauni.

Ya dubi ƙofa, ya dubi rijiya. Ya sake duban ƙofa. Sai ya kafa ƙafa a bakin rijiya, ya fara ja. Yana ja yana kuka, suna yi masa ihun matsoraci, igiya na yankar tafin hannunsa. Kafin kan tsohon ya bayyana, sun tafi.

Haladu ya zube ƙasa, ya ce cikin fushi, "Baba, kana ji fa! Me ya hana ka ce in tsaya?"

Tsohon ya numfasa, ya ce, "Ɗana, in don na ce ne ka tsaya, gobe wani zai fi ni murya ya ce ka tafi."

A faɗan ran nan, biyu cikin yaran ba su dawo da ransu ba. Haladu kuwa da la'asar ya je duba Mudi, Baba Jatau na biye da shi. Bai koma daba ba har ya tsufa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Yaron da ya lalace ba zagi ya rasa ba, ya sha shi har ya ƙoshi. Abin da ya rasa shi ne babba guda ɗaya da zai yarda da shi, ya ba shi amana ta gaske, ya jure ɓacewarsa da dawowarsa. Yaran nan da ke zaune a bakin lungunku, kuna sauya hanya in kun hango su, 'ya'yan wa ne? Kai tela, kai kafinta, kai mai shago, yau in ka tashi daga nan ka kira ɗaya da sunan da uwarsa ke kiransa, ka ce ya zo gobe da safe. Allah Ya shiryar mana da zuriya.