Ranar Ruwan Ijja

Akwai wani mutum a ƙauyenmu da ke kan duwatsun Atlas a Maroko, sunansa Bassu. Shagon gyaran keke gare shi a bakin kasuwa, kuma in ya hau keke ya gangaro dutse, duk kwarin nan babu mai shan gabansa. Ko maƙiyinsa ya yarda da wannan. Matsalar ita ce shi ma ya sani, kuma ya fi kowa faɗa.

Duk rani mukan shirya tseren keken dutse. Matasa su zo daga ƙauyuka da birni, abin da aka tara a saya wa naƙasassu da matan da mazansu suka rasu bargo, buhun fulawa, wani lokaci har da keken guragu.

Bassu ne ke cin tseren, shi ne kuma ke miƙa kayan. Amma ba ya sakin bargo sai mai hoto ya saita. Ya riƙe gefe, tsohuwa ta riƙe gefe, yana cewa, "Yi murmushi mana, Inna! Kyauta aka kawo miki, ba gawa ba." Wallahi duk sanda na ji wannan magana sai raina ya ɓaci.

To, akwai wata tsohuwa, Ijja. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona guda, a saman hanyar da masu tsere ke bi, katangar dutse ce kawai tsakaninsu. Masarar gonar nan ita ce abincinta da na jikokinta biyu har sanyi ya wuce.

Ban-ruwa a wurinmu layi ake bi, kowane gida da ranarsa. In taka ta zo, sai ka datse babbar magudana da ƙasa, ka buɗe bakin gonarka ruwa ya shiga. In ta wuce ka, sai zagaye ya dawo, ita kuwa masara ba ta san haƙuri ba.

A shekarar nan ranar Ijja ta faɗo daidai ranar tsere. Da sassafe ta datse magudana, ta buɗe bakin gonarta, ta zauna jiran a sako ruwa daga tafkin da ke sama. Sai ga Bassu cikin rigar tserensa mai ƙyalli.

"Inna Ijja, me nake gani haka?"

"Ranata ce, ɗana."

"Ranarki? In gonarki ta sha, rarar ruwan a kan hanya take zuba. So kike baƙi su zo daga birni su yi iyo a taɓo? Rufe."

"Masarar ta fara goyo, Bassu. Dubi ganyenta, duk ya naɗe. In ba ta sha yau ba, shi ke nan." Sannan ta ƙara da cewa, "To mu yi musaya, kamar yadda aka saba. Ka ba ni ranarka ta jibi, in bar maka yau."

Musayar rana tsohuwar al'ada ce, maƙwabci ba ya hana maƙwabci. Amma Bassu ya tuntsure da dariya.

"In ba ki ranata, itatuwan tuffa nawa su sha me? Hawayenki? Ke fa saboda irinku muke karya ƙashi a dutsen nan. Wa ya ba ki bargon bara? Rashin godiyar Allah!"

Ya shiga gungura duwatsu yana cusawa a bakin gonarta, ya bi da ƙasa ya tattake. Ta kama hannun rigarsa tana roƙonsa don Allah don Annabi. Ya fizge, ta faɗi zaune a cikin magudana. Masu wucewa zuwa kallo suka gani, suka kau da kai, don shi ke kawo wa gari baƙi.

Ko yaro a ƙauyenmu ya san ba a rufe wa ruwa baki sai an buɗe masa wani. Bassu ma ya sani, a nan aka haife shi. Amma hankalinsa na kan kofin tsere. Ya toshe bakin gonar, ya tafi ya bar datsen Ijja a magudana yadda yake. Ita kuwa ta ɗingisa gida da ƙugu mai ciwo, ta rufe ƙofa tana kuka.

Mai rabon ruwa bai san abin da ake ciki ba. Lokaci na yi ya sako ruwa. Ruwa ya zo, gaba a datse, gefe a toshe. Sai ya cika magudana, ya tumbatsa, ya riƙa tsiyaya ta bayan katangar dutsen nan yana cin ƙasar da ke riƙe da ita da hanyar baki ɗaya. Daga sama ba ka ganin komai, hanya ƙalau.

Aka busa usur, kekuna suka tashi. Kafin a kai rabin hanya Bassu ya ba kowa rata kamar kullum. Shi ya fara isowa kwanar gonar Ijja, ko birki bai taɓa ba.

Hanyar ta zame a ƙarƙashinsa. Katanga ta biyo baya. Shi da keke da duwatsu suka gangara har cikin rafi. Waɗanda ke bayansa suka samu suka tsaya, ba wanda ya ko ƙuje.

A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko shi. Ya rayu, amma ƙashin baya ya karye, ƙafafun da yake taƙama da su ba su sake motsi ba.

Kada ku ɗauka Ijja ta ci wata riba. Magudanar ta tafi tare da katanga, kafin a yi gayya a gyara, masararta ta ƙone ƙurmus. Sanyin shekarar nan da guntun gurasar maƙwabta ta ciyar da jikokinta.

Rani ya zagayo, aka sake tsere. Wani saurayi daga birni ya ci, bai ma san waye Bassu ba. Aka ɗauko Bassu aka ajiye a gaban layin masu karɓa, ga sabon keken guragu yana ƙyalli. Saurayin ya riƙe keken gam, mai hoto ya saita.

"Baba, ɗan yi murmushi mana! Kyauta ce fa."

Bassu ya sunkuyar da kai. Sai wata murya daga bayansa, ta mai jiran buhun fulawa. Ijja ce. Ba da gatse ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, kamar mai nuna wa baƙo hanya.

"Yi musu, ɗana. In ba ka yi ba, ba sa saki."

Ya ɗago kai ya yi, hawaye na zuba. Aka ɗauki hoton.

Darasi: Taimakon da ake yi ana taka wuyan mai rauni ba sadaka ba ce, girman kai ne. Kada ka wulaƙanta wanda ke layin karɓa, don ba ka san ranar da za a ajiye ka a gabansa ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya sassauta hannu tun yana kan ƙafafunsa.