Haba, Ba Ki Gane Ni Ba?

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi, Barmo kurege ya tashi ya tarar babu ko ƙwayar gyaɗa ɗaya a raminsa. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Yana zaune yana sauraron kukan cikinsa sai iska ta kawo masa ƙamshin waina daga gindin tsamiya, inda Ƙungiyar Manyan Dawa ta buɗe taronta na shekara. Kwana uku za a yi, abinci sau uku a rana, ban da hutun shan shayi. Sai dai ba a shiga sai da katin gayyata, kuma Kura ce a bakin ƙofa. Duk wanda ta kama ba kati, shi ne ladan aikinta.

Barmo ya lanƙwasa waya ya yi tabarau marar gilashi, ya kifa ɓawon goruba a ka, ya saƙala ganyen ayaba a hammata kamar takardu.

Ya ce, "Kati ai na mai nauyin baki ne. Ni Barmo da gaisuwa nake shiga."

Yana isa Kura ta miƙo hannu. "Kati."

Barmo ya ja da baya ya riƙe haɓa. "Haba! Ba ki gane ni ba?"

To, a dawa kamar a gari, babu abin kunya irin a ce ka manta da na gida. Kura ta zare ido, ta sosa ƙeya. "Tsaya tukuna. Ko kai ne ƙanen mijin yayata, na ƙetaren rafi?"

"Yanzu kika yi magana! Ya yara? Ya ƙaramin nan mai rigima?"

Kowane gida akwai ƙarami mai rigima. Kura ta kwashe rabin awa tana ba da labarin nata, wanda ya ciji maƙwabci ranar suna, sannan ta ɗage igiya ta ce, "Shiga, suruki, ka zauna kusa da tukunya." Ranar Barmo ya ci waina tara.

Da gari ya waye, ya hango Giwa, shugabar ƙungiya, zaune ita kaɗai da faranti shaƙe da gyaɗa. Kowa tsoron yi mata magana yake. Ya lura tana shafa gwiwa. Ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, da alama ba ki gane ni ba."

Giwa ta leƙo ƙasa. "Ni? Na gane ka sarai. Ba kai ne likitan da ya duba ni bara ba?"

"Allah ya ƙara miki lafiya. Ya gwiwar?"

Tun da aka haifi Giwa ba wanda ya taɓa barin ta ta kai ƙarshen labarin gwiwarta. Ta faro shi daga shekarar fari. Barmo yana "Ayya," yana "Sai kuma aka yi yaya?", hannunsa yana kai da komowa a faranti. Kafin gwiwa ta kumbura a karo na biyu, gyaɗa ta ƙare.

Da rana ya yi wa Ɓauna, ma'ajin ƙungiya, irin wannan dabarar, shi kuwa ya tabbata sun yi aji ɗaya a firamare. Barmo ya tambaye shi yadda samarin yanzu suka lalace, ya cinye masa masara huɗu.

Ya koma gida yana tafe yana rangaji. "Babba ba ya son labari, tambaya yake so. Bakin da ke zuba ba ya tauna. Ni kuwa Barmo, kunnena nasu, farantinsu nawa!"

Da gari ya waye, ranar rufe taro, Barmo ya cika kumatu biyu da gyaɗa don guzurin gobe. Zai sulale ke nan sai Giwa ta buga ƙasa.

"Jama'a, shekara ashirin muna taro, ban taɓa ganin mai iya zama da mutane irin wannan bawan Allah ba. Na ba shi muƙamin jami'in hulɗa. Sakatare, rubuta."

Sakataren kuwa Jaki ne, wanda tun da aka fara taro bai ɗaga kai daga littafi ba. Ya ɗago. "Suna?"

Barmo ya gyara tabarau, ya yi magana ta gefen baki. "Haba, Malam Jaki! Ba ka gane ni ba?"

"A'a."

"Duba dai da kyau."

"Na duba. Ban san ka ba. Suna?"

Ashe Jaki ba ya jin irin wannan kunyar.

Giwa ta ce, "Likitana ne."

Ɓauna ya ce, "Wane irin likita? Ɗan ajinmu ne, ko lissafi bai iya ba."

Kura ta taso daga ƙofa. "Ku yi mini a hankali da suruki."

Ɓauna ya dubi Barmo daga sama har ƙasa, ya ce a hankali, "Ni fa da na tuna, ajinmu duk masu ƙaho ne."

Barmo ya buɗe baki zai tambayi Giwa gwiwa, sai gyaɗa ta zubo, tsiyaya guda, har kan littafin Jaki.

Giwa ta make shi da hanci, ya faɗa kan ƙahon Ɓauna, Ɓauna ya cilla shi ƙofa, Kura ta kai cafka ta samu gashin wutsiya cike da baki. Ya bi ta ƙarƙashin igiya ya faɗa rami, ba tabarau, ba hula.

Kwana shida yana gasa haƙarƙari da ruwan zafi. Ran na bakwai ya ɗauki alƙalami.

"Zuwa ga Shugaba Giwa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina godiya da karamci. Na karɓi muƙamin. A sanar da ni ranar taron baɗi, kuma a duba batun canja sakatare, ba shi da fara'a. Ranki ya daɗe, kin tsaya a inda gwiwar ta kumbura karo na biyu. Sai kuma aka yi yaya?"

Ya liƙe ambulan, ya ɗingisa har gidan waya, ya jefa ta a akwati.