Mutumin da Ya Goya Uwarsa a Gangare

Akwai wani mutum, gidansa na bisa dutse, shi da tsohuwar uwarsa. Wata rana maciji ya sare ta a ƙafa. Mai magani kuwa yana can gindin dutsen, ga ƙafa tana ta kumburi. Sai ya goya ta, ya ɗaure da zane.

Hanya biyu ce ke sauka. Ta kakanni doguwa ce, tana kwana nan, tana kwana can. Ta awaki kuwa miƙe take ƙasa. Uwar ta ce ya bi ta kakanni. Ya ce babu lokaci, ai sauka ce ba hawa ba, gangaren da kansa zai ja su.

Ya kuwa ja su. Da fari ko haki ba ya yi. Can sai ya ji ƙafafunsa suna sauri ba da izininsa ba. Nauyin da ke bayansa sai tura shi yake. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin tafinsa, tana gangarawa, ba ya jin inda take faɗuwa. Ashe kwazazzabo ne gabansa.

"Ɗana," in ji uwar a kunnensa, "kada ka ƙara taku. Zube."

Ya zube a gefensa, ya cafki saiwar wani itace. Fatar hannunsa ta saɓule. Suka tsaya, ƙafarsa ɗaya tana reto a bakin rami.

Gaba babu hanya. Dole ya juya ya hau da rarrafe, da goyonsa, kamar ana jan ƙugunsa baya da igiya. Abin da ya sauko cikin ƙiftawar ido, sai da rana ta karkata kafin ya haye shi. Sa'an nan ya kama hanyar kakanni. Uwar ta rayu, amma ƙafar nan ba ta ƙara taka ƙasa ba.

Ga ma'anar misalin. Gangaren nan zunubi ne. Ba ya neman ƙarfinka, taku ɗaya yake so, sauran shi zai yi. Hawan kuwa tuba ne, da wuya, amma Ubangiji bai hana kowa saiwar kamawa ba. Ku yara, in hanya ta yi muku sauƙi har ƙafa tana gudu da kanta, ku tsaya. Ku tuna kuma, ba wanda ke gangarawa shi kaɗai. Akwai wanda ka goya.