Ranar da Saƙon Asibiti Bai Fita Ba

Dogo shi ne shugaban wani ƙaramin ofishi na masu gina shafukan intanet. Su uku ne kacal: shi, da yayarsa wadda kowa ke kira Yaya, sai Mai Zane, wanda aikinsa tsara fuskar shafi. Dogo yana da kai, ba mai musun wannan. Matsalarsa ba ya iya jira. Da zarar ya ga sabon abu, na hannunsa ya zama tsumma.

Babban aikinsu shi ne shafin wani ɗan asibitin wankin ƙoda. Injina huɗu ne a wurin, marasa lafiya kusan sittin. Shafin ne ke raba wa kowa lokacinsa, ya kuma tura masa saƙo a waya kwana ɗaya kafin ranarsa. Yaya ce ta gina shi shekara shida da suka wuce, a kan wani tsohon tsari na rubuta manhaja.

Wata safiya Dogo ya shigo da zumuɗi, ya juyo musu kwamfutarsa. Ya ce, "Kowa ya koma sabon tsari, mu kaɗai muka rage. Wallahi kunya nake ji a tambaye ni da me muke aiki. Sati biyu, mu kwashe komai mu mayar can."

Yaya, wadda cikinta ya shiga wata tara, ta gyara zama da ƙyar. "Ban ƙi ba. Amma mu koye shi tukuna. Mu riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, tsohon yana gefe yana aiki."

"Yaya, ke da wannan tsohon tsari kamar ke kika haife shi."

"Ni na haife shi mana. Shi ya sa na san inda yake masa ciwo."

Mai Zane ya fara dariya, da ya ga fuskarta sai ya haɗiye.

Kwana biyu bayan haka Yaya ta tafi hutun haihuwa, Dogo ya samu fili. Ana cikin aikin Mai Zane ya nuna masa wasu layuka a tsohon rubutun. Ya ce, "Oga, waɗannan ban gane amfaninsu ba. Mu bugo wa Yaya?"

"Shara ce. Bar Yaya ta huta."

"To ko gwaji mu yi kafin mu saki sabon shafin?"

"Na gwada a kwamfutata, lafiya lau."

Ranar Asabar da rana Dogo ya ɗora sabon shafin. Ya kuma goge tsohon gaba ɗaya, wai don kada wani ya ce a koma baya.

Litinin da ƙarfe takwas shugabar ma'aikatan jinya ta kira shi. Muryarta a sanyaye take, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Mutum goma sha ɗaya ke zaune a gabana, kowa da saƙon ƙarfe takwas. Injina huɗu gare ni. Waɗanda yau ce ranarsu kuma, rabi ba su zo ba. Me kuka yi?"

Dogo ya tuna da tambayar Mai Zane. Layukan da ya kira shara su ne ke hana a ba mutum biyu inji ɗaya, su ne kuma ke sake tura saƙo in bai shiga ba. Ya buɗe sabon rubutun. Ya gyara nan, can ya ɓalle. A lokacin ya gane bai san tsarin ba, a bidiyo kawai ya gan shi. Ya kira Yaya, mijinta ya ɗauka, ya ce tun asuba tana ɗakin haihuwa.

Shi da Mai Zane suka garzaya asibitin wankin ƙodar. Shugabar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye masa rajistar takarda da waya a kan tebur, ta ce, "Zauna. Kira marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya."

A kira na tara wata mata ta ɗauka. Ta ce, "Baba yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da ƙyar. Tun jiya yake riƙe da waya yana jiran saƙo. Na ce mu taho haka nan, ya ce a'a, ƙila wani ya fi shi buƙata ne, kada mu takura muku."

Shugabar ta karɓe wayar, ta ce a kawo shi yanzu-yanzu.

Baban matar ya sha da ƙyar, bayan kwana huɗu a gado. Yaya ta sauka lafiya, kuma a kwamfutarta ta gida aka samo kwafin tsohon shafin aka mayar. Amma wata bai ƙare ba asibitin ya miƙa aikin ga wasu. Mai Zane ma ya nemi wani wurin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, komawa sabon tsari ba laifi ba ne, gaggawa ce laifin. Kafin ka rushe abin da ke aiki, ka tambayi wanda ya gina shi, ka koyi sabon sosai, ka gwada, ka kuma bar wa kanka hanyar komawa. Ka tuna cewa shafin da kake taɓawa akwai mutanen da lafiyarsu ta rataya a kansa, kuma su ne za su fara shan wahalar kuskurenka.